Waiwaye: Waɗanda Ƙidaya Ta Tsallake a Kilomita Biyar

Ranar 5 ga Disamba, 2013, mayaƙan anti-balaka, waɗanda galibinsu Kiristoci ne, suka afka wa Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, 'yan Seleka kuma, waɗanda galibinsu Musulmi ne, suka mai da martani. Kwanakin da suka biyo baya, tambaya ɗaya ce a bakin duniya: mutum nawa aka kashe? Ma'aikatan agaji suna kwashe gawarwaki a titi suna ƙirgawa, 'yan jarida suna leƙa ɗakunan ajiye gawa na asibitoci. To amma a unguwar Kilomita Biyar, wadda mutanen gari ke kira PK5, gawar Musulmi ba ta jiran mai littafi da biro. Masallacin Ali Babolo ake kai ta, a wanke, a yi mata sutura, a sallace ta, a rufe ta da wuri. Da hanyar maƙabartar Musulmi ta unguwar Boeing ta toshe, sai binnewa ta koma duk inda aka samu fili, har sai da unguwannin biyu suka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a Fabrairun 2016. Wanda ya tsaya a ƙofar asibiti yana lissafi, waɗannan mamatan ba su biyo ta gabansa ba.

A watan Afrilun 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya tana maganar mutum kusan 2,000 ne suka mutu a rikicin. A watan Satumba kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya fito da nasa adadin: aƙalla 5,186 tun daga Disamba. Wakilansa sun bi garuruwa da unguwanni sama da 50, suka zauna da limamai da fastoci da ma'aikatan agaji da waɗanda suka tsira, suna tattara lissafi ɗaya bayan ɗaya. Watannin da suka ƙaru sun ƙara mamata, gaskiya ne, amma babban abin da ya ɗaga adadin shi ne ƙafar da aka taka zuwa inda aka rufe mutanen.

Bayan shekaru aka sake ganin irin haka. A 2022 wasu masu bincike, cikinsu har da Les Roberts na Jami'ar Columbia ta Amurka, suka raba ƙasar gida biyu: yankin da ke hannun gwamnati da wanda ya fi ƙarfinta. Suka zaɓi wurare 70, suka shiga gidaje 699 suna tambayar wa aka haifa, wa ya rasu. Sakamakon da mujallar Conflict and Health ta buga a 2023 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na jama'ar ƙasar sun mutu a shekara guda, ninki huɗu na ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya. Masana na iya jayayya kan ainihin adadin, amma ƙasa ɗaya ce, hanyar tambaya ce ta bambanta.

Duk ɗan kasuwar hatsi ya san wannan ilimin tun kafin a rubuta shi a littafi. Ba ya duba saman buhu ya biya kuɗi. Hannu yake cusawa har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ciki, ya murza, ya shinshina. Bincike na gida-gida ma ɗiban samfur ne, kuma samfur yana buƙatar a san girman buhun. Shekaru da dama masu bincike a ƙasar sun yi ta dogara da ƙidayar jama'a ta 2003, wadda ta ba da mutum kusan miliyan 3.9. Kafin rikici Musulmin Bangui sun haura 100,000. Zuwa lokacin da Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin Kilomita Biyar ranar 30 ga Nuwamba, 2015, kimanin 15,000 ake cewa sun rage a unguwar. Wasu sun tsere Chadi, wasu Kamaru, wasu sun baro gidajensu a wasu unguwanni sun cunkusu a nan. Wanda ya zaɓi gidajen da zai shiga daga tsohon jeri zai tarar da kango inda takarda ta ce gida ne, ya wuce tsakar gidan da iyali biyar ke kwana.

A ce ma mai tambaya ya iso ƙofar da ta dace. Saurayi ne, riƙe da ƙaramar na'ura, ya yi sallama, maigida ya shimfiɗa masa tabarma a zaure.

"Baba, mutum nawa ne a gidan nan?"

"To, ɗana, muna nan dai da yawa, alhamdu lillahi."

Tambayar an rubuta ta da Faransanci, yaron ya juya ta zuwa harshen Sango a kansa, dattijon kuma da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi yake tunani. Shin almajiran da ke kwana a zaure 'yan gida ne? Ƙanin da ya tafi fatauci Garoua-Boulaï ta Kamaru fa, da matar da ta yi yaji? Saurayin ba zai wuce zaure ba, don gidan ba a shiga. Ke nan duk abin da ya shafi ciki da haihuwa da zazzaɓin yara daga bakin namiji zai ji shi. Ko da mace aka turo ta shiga ciki, in ba 'yar gari ba ce, ba za ta gane cewa uwa na iya tsallake ɗan fari saboda kunya ba, ko kuma jaririn da ya koma kafin suna ba a cika ambatonsa ga baƙo ba. 'Yar gari za ta zauna, ta sha ruwa, ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "Inna, har da babban, har da waɗanda Allah ya karɓa." Wannan jimla guda tana iya canza lissafin mutuwar jarirai na unguwa sukutum.

Sai kuma tsoro. Kakanninmu a Kano da Katsina da Maraɗi sun san ƙirga a matsayin ɗan aiken haraji da jangali, shi ya sa ake kora shanu daji idan malamin ƙidaya ya doso. A Kilomita Biyar abin ya fi haka zafi. Shekaru ƙungiyoyin da ke kiran kansu masu kare unguwa suna karɓar kuɗi a hannun 'yan kasuwa, har rikici ya ɓarke tsakaninsu a Disamban 2019, mutane da dama suka mutu. Mai shagon da ya ga wannan, in baƙo ya tambaye shi cinikinsa na rana, me zai sa ya faɗi gaskiya? Ga kuma wahalar da Musulmin ƙasar ke sha wajen samun katin shaidar ɗan ƙasa, inda ake neman su kawo hujjar asalin iyaye da kakanni. Tambayar "a ina aka haife ka?" a kunnen irin wannan mutum tuhuma ce. Bincike ta waya ma bai warware matsalar ba, domin mai waya da caji kaɗai yake samu, wayar kuwa sau da yawa tana aljihun maigida.

Abin da ya sa na damu shi ne da waɗannan alƙaluma ake raba allurar rigakafi da gidan sauro da buhunan abinci, da su ake yanke inda za a gina aji da inda za a kafa rumfar zaɓe. Unguwar da aka rage a takarda, a rabo ma ragewa za a yi.

Don haka ɗan jarida da ya ga adadi, ya tambaya: wa aka tambaya, wa ya yi tambayar, da wane harshe, ina ne ba a je ba? Hukumomi da ƙungiyoyi su ɗauki 'ya'yan unguwa aiki, mata da maza, su fara da limamai da masu unguwa, su bayyana a rahotonsu wuraren da suka kasa shiga. Matasanmu su karanci ilimin ƙididdiga, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Mu kuma masu gida, daga Bangui har Zariya, idan mun tabbatar da wanda ya aiko mai tambaya, mu ba shi wurin zama, mu faɗa masa gaskiya, mu ƙirga masa rayayyunmu da mamatanmu ba tare da mun bar kowa ba.