Ina Iyakar Muryar Oba-oba?

Kwanan baya 'yan sintirin unguwarmu suka yi karo-karo suka sayi rediyon oba-oba guda huɗu, don a jikin kwali an rubuta tana kai kilomita 30. Daren farko, wanda ke bakin kasuwa bai ji na bayan makabarta ba. Suka zo mana da ƙara, wai an cuce su. To, bari mu yi lissafin kamar yadda muke yi a allo.

Muryar oba-oba miƙe take tafiya kamar hasken tocila, doron ƙasa kuwa a lanƙwashe yake. Saboda haka tsayin eriya shi ne kan gaba. A nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsayin eriyar a mita, sa'an nan a ninka ta sau 4. Eriya mai tsayin mita 9 a kan soro: 3 sau 4, kilomita 12. Wadda ke hannu, kamar mita 1: kilomita 4. In aka haɗa biyun, 16 ke nan. Wannan a fili ne fetal. Cikin gari, bango da kwanon rufi sukan rage shi zuwa kilomita ɗaya ko biyu.

Wani zai ce a ƙara ƙarfi mana. Ko a sararin da babu shamaki, sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu. Hawa tudu ya fi araha.

Gajeren zango, inda muka saba kama sashen Hausa na BBC, nasa daban ne. Muryar takan bugi wani rufin iska mai lantarki can sama ta dawo ƙasa, tsalle guda har kusan kilomita 4,000. Shi ya sa masu rediyon sha'awa ke ƙetare teku da wat 5 ko ƙasa da haka, abin da suke kira QRP. A 2008 masanin Amurka Joe Taylor ya fito da tsarin WSPR na kwamfuta, don gane inda irin wannan raunanan saƙonni ke kaiwa.

Shawararmu: kafin a biya, a gwada a unguwa, a kuma tambayi hukumar sadarwa ko ana bukatar lasisi. 'Yan sintirinmu dai yanzu ɗayansu a kan soro yake kwana, kuma kowa na jin kowa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.