Ciwon kai ma yana da likitansa

A gidanmu da ke Yakasai, duk wanda ya ce kansa na ciwo amsa ɗaya ce: "Je kemis ka karɓo Panadol." In ya ƙi sauka, a kira wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya. Da haka muka taso, da haka muka shigo Poli.

Goggona ta shekara biyu tana fama da wani zafi a kuncin dama, mai fizga kamar shokin lantarki. Ruwan alwala ma tayar da shi yake yi. An cire mata haƙora biyu masu lafiya, zafi bai gusa ba. Da aka ce a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Malam, sai ta tubure: "Ni za ku kai Dawanau? Da hankalina?" Da ƙyar ta yarda. Ashe jijiyar fuska ce, ba haƙori ba. Aka ɗora ta kan carbamazepine, maganin da ake ba masu farfaɗiya, abin ya lafa.

A ganina a nan gizo ke saƙar. Suna ɗaya muke kiran likitan taɓin hankali da likitan jijiyoyi, sai tsoron gori ya hana mu zuwa wurin kowannensu.

Mu ɗalibai ma ba mu tsira ba. Lokacin jarrabawa kowa da katin magani a aljihu, ana haɗiya kamar gyaɗa. Alhali wanda ke shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, har wata uku, maganin da kansa zai iya zama mai jawo ciwon. Masu haɗi da kafin kuwa, kwana 10 ya isa. Wata 'yar ajinmu mai ciwon ɓarin kai, wadda haske kaɗai ke sa ta amai, har yau ana ce mata raki ne.

Ba cewa nake kowane ciwon kai sai ƙwararre ba. Wani yunwa ce da rashin barci. Amma wanda ya zo farat ɗaya da tsanani, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko karkacewar baki, asibiti za a nufa a take. Asibitin Murtala yana nan Ƙofar Mata.

Shugabannin ƙungiya, kuɗin da muke biya yana ɗauko mawaƙa a makon ɗalibai. Wannan zangon ku ɗauko mana likitan jijiyoyi ko na awa biyu ne, a buɗe fili kowa ya yi tambaya.