Sharhi: Faɗaɗa Injin Babur, Ribar Yau Asarar Gobe

A unguwar Bagadaza da sauran unguwannin garin Gombe, babur jari ne kafin ya zama abin hawa. Da shi ɗan acaba ke ciyar da iyalinsa, da shi mai kanti ke aika kaya, da shi kuma ake shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa domin ɗauko masara da wake zuwa kasuwar Tudun Hatsi. Saboda haka duk abin da zai rage kwanan injin babur ya shafi tattalin arzikin jama'a. Ɗaya daga cikin irin waɗannan abubuwa shi ne dabarar nan ta faɗaɗa inji, inda ake cire silinda da fistin da kamfani ya sa, a maye gurbinsu da waɗanda suka fi su girma, wai don babur ya ƙara ƙarfin ja a yashi da hawa.

Dalilin da ke sa mai babur ya yarda da wannan shawara ba ɓoyayye ba ne. Tun da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, ya kuma haura naira 1,000 a shekarar 2024. A daidai wannan lokaci darajar naira ta faɗi daga wajen 460 kan dalar Amurka ɗaya zuwa fiye da 1,500. Tun da yake babura da kayan gyaransu galibi daga Sin da Indiya ake shigo da su, sayen sabo ya gagari mutane da yawa. Mai ƙaramin babur sai ya ga cewa da kuɗi kaɗan zai mai da shi babba, ya ɗora buhu biyu a inda a da yake ɗora ɗaya.

Wajibi ne a bambance gyara iri biyu da ake yawan cuɗawa. Na farko shi ne wanda kamfanoni da kansu suka tanada: idan cikin silinda ya cinye, ana fafe shi kaɗan a sa fistin da ya ɗara na asali da milimita 0.25, ko 0.50, ko 0.75, ko 1.00. Wannan mayar da inji ne kan lafiyarsa, kuma babu aibi a cikinsa matuƙar an auna da kyau. Na biyu shi ne wanda ake magana a kai, wato a sauya girman injin baki ɗaya.

Alal misali, a ɗauki injin Honda CG125, wanda ya fito a 1975, wanda kuma masana'antun Sin da dama suka kwaikwayi ƙirarsa. Faɗin fistinsa milimita 56.5 ne, tafiyarsa sama da ƙasa kuma milimita 49.5, abin da ya ba shi girman sisi 124. Idan aka ɗora masa silinda mai faɗin milimita 62, girman zai koma sisi 149. Ƙarin milimita biyar da rabi a ido ba komai ba ne, amma ya ƙara faɗin kan fistin da kashi 20 cikin 100. Ƙarfin da ke dukan sandar fistin da boris da karanshaf zai ƙaru da akalla wannan gwargwado, alhali kuwa su ba a canza su ba. Haka kuloci da sarƙa da birki, duk an ƙera su ne don ƙaramin inji.

Matsala ta biyu zafi ce. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, sai baƙin mai kimanin lita guda da ke zagayawa a ciki. Idan ba a gyara kan injin ba, kuma ƙirar kan fistin ba ta sauya ba, matsin da a da yake 9 bisa 1 zai haura 10 da rabi bisa 1. Ƙarin matsi ƙarin zafi ne, kuma yana bukatar fetur mai inganci, ba wanda ake saye a kwalba a bakin hanya ba. Bugu da ƙari, idan aka bar kafireto yadda yake ba a sake daidaita shi da sabon girman ba, ma'aunin mai da iska yakan karkace, kuma in mai ya yi ƙaranci inji yakan ƙara ɗaukar zafi. A garin da zafin watan Maris da Afrilu ke kusantar digiri 40, ga kaya fiye da kima, ga tafiya a hankali cikin yashi inda iska ba ta dukan injin sosai, ƙarshen al'amarin sananne ne: fistin ya kumbura ya kama jikin silinda, ringi ya karye, ko gasket ya ƙone, inji ya buga.

Matsala ta uku ita ce ingancin kayan da kansu. Domin babban silinda ya zauna a mazaunin ƙarami, ko dai a fafe bakin akwatin injin, ko kuma a sayi silindar da aka sirantar da ƙarfenta, kuma siririn ƙarfe yana saurin lanƙwasa idan ya ji wuta. Tazarar da ake bari tsakanin fistin da silinda ba ta kai kaurin gashin kai ba, ana kuwa auna ta ne da na'ura. Kayan araha da ba a san wanda ya ƙera su ba kan zo da tazarar da ta yi yawa ko ta yi kaɗan, kuma bakaniken da ke aiki a gindin bishiya ba safai yake da ma'aunin da zai gane haka ba. Da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Idan aka koma ga lissafi, ribar ba ta kai yadda ake zato ba. Babur mai fita aiki kwana 26 a wata, idan ya kwana uku a wajen bakanike, ya rasa fiye da kashi 11 cikin 100 na kuɗin shigarsa na watan, ban da kuɗin gyara da ƙarin man da babban inji ke sha. Shi kuwa kuɗin balas ba ya jira. A inda mai babur daban, mai tuƙi daban, abin ya fi muni, domin matuƙi ne ke cin moriyar ƙarin ƙarfin a yau, mai jari kuma shi ne zai biya kuɗin karanshaf bayan 'yan watanni. Wanda ya karɓi babur a kan biya sannu a hankali yana iya gama biya ya tarar abin da ya mallaka ƙarfe ne kawai. Sabon babur kuwa, da zarar an sauya masa inji ta wannan hanya, duk wani lamunin da kamfani ya bayar ya faɗi.

Illar ba ta tsaya ga mai babur shi kaɗai ba. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001, ya bayyana yadda kasuwar motocin hannu ke lalacewa idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da maras kyau ba. Mai saye yakan rage tayi a kan kowa, masu kaya masu kyau su janye, a bar kasuwa da tarkace. Injin da aka faɗaɗa ba ya nuna kansa daga waje, lambarsa kuma ba ta sauya ba. Kowane irinsa da aka sayar ba tare da bayani ba yana rage darajar baburan mutanen da suka kula da nasu.

Masu goyon bayan dabarar suna da hujja, kuma daidai ne a saurare ta. A Turai da Amurka masu tseren babura a daji suna yin irin wannan sauyi. Amma su suna haɗa shi da gyaran kan inji da ma'aunin mai, suna lissafin rayuwar fistin da awoyi, suna kuma kwance inji akai-akai. Wasa ne da suka ware wa kuɗi. Babur ɗin Bagadaza kuwa ba shi da ranar hutu, kuma abin da ake bukata gare shi shi ne ya tashi kowace safiya.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan kowane ɓangare. Mai jarin da aikinsa ke bukatar injin sisi 150 ya sayi wanda kamfani ya ƙera a haka tun farko, ko da na hannu ne, domin shi komai nasa an yi shi ne daidai da ƙarfinsa. Masu ba da babura haya ko bashi su rubuta a yarjejeniya cewa ba a taɓa girman inji sai da izininsu. Dillalan kayan gyara da ke saro kaya daga Nnewi da Kano da Legas su riƙa ba da rasit mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera kayan, su kuma amince da karɓar abin da ya lalace cikin wa'adi. Ƙungiyoyin 'yan acaba da na makanikai su sa a riƙa bayyana duk wani sauyin inji yayin cinikin babur. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, wadda ta fara tantance kayan da ake shigowa da su a ƙarƙashin shirin SONCAP a 2005, ya kamata ta riƙa leƙa shagunan kayan gyara na jihohi, ba tashoshin jiragen ruwa kaɗai ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe ma tana iya shirya gajeren horo ga makanikai kan amfani da na'urorin awo.

Ga wanda ke neman babur ɗinsa ya ƙara ja, canza baƙin mai a kan kari, wanke matatar iska musamman lokacin hunturu, da rage lodi za su ba shi fiye da abin da babban fistin zai ba shi, kuma da kuɗi kaɗan. Jarin talaka ba shi da yawa, bai kamata garin neman gira a rasa ido ba.