"Umarni Aka Ba Ni" Ba Ya Wanke Sojan Labarinka

Maƙalar wannan makon za ta sosa ran wasu, sai a yi haƙuri.

A watan nan na karanta labarai huɗu na 'yan wannan zaure, uku a ciki jaruminsu soja ne. Dogo, kyakkyawa, miskili, ba ya dariya sai ga budurwarsa. A ɗaya, Kyaftin ya buɗe wa ƙauye wuta, ya ce umarni ne daga sama, a babi na gaba kuma ga shi yana haɗa lefe. Masu sharhi kyansa suka yi ta yabo.

Wannan ragwanci ne. Mun tsallake inda labarin yake: ɗan lokacin nan tsakanin jin umarni da jan kunamar bindiga.

Abin mamaki, mu 'yan Kabi ne ke wannan. Duk wanda ya shiga gidan tarihin Kanta a Argungu yakan fito yana alfahari. To waye Kanta? Mayaƙi ne da ya bi rundunar Askiya Muhammadu na Songhai zuwa yaƙin Agadas, ya dawo wajen 1516 ya juya wa Askiya baya, aka aiko runduna ta kasa tanƙwara shi. Kada a ce na mai da shi waliyyi, a kan rabon ganima rigimar ta tashi. Amma dai da ya ce "to ranka ya daɗe" ya sunkuyar da kai, da wuya a san Surame.

Ga ɗaya ɓangaren. A Maris 1906 rundunar Turawa ta shafe garin Satiru kusa da Sakkwato, aka kashe mutane wajen 2,000, rikicin har ya ci rawanin Sarkin Gwandu na lokacin. Turawan tsiraru ne. Masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa suke yi, suna jin abin da masu ihu ke faɗa. Haka daren 15 ga Janairu 1966: an fita da ƙananan sojoji a Kaduna da sunan atisayen Damisa, gari ya waye babu Sardauna. Dukansu biyayya suka yi.

Na san abin da za a ce: soja ba ya musu, in ya yi musu runduna ta watse. Gaskiya ne. Wanda ke artabu da 'yan bindiga a dazukan Zuru ba shi da lokacin muhawara da kwamandansa, kuma rayukanmu na rataye da wannan ladabin. Sai dai dokar sojojin Najeriya kanta umarnin da ke bisa doka ta wajabta bi. Kotun Nuremberg, bayan yaƙin duniya na biyu, ta ƙi karɓar "an umarce ni" a matsayin abin da ke wanke mutum daga laifi. Tun kafin su, mun karanta a Islamiyya labarin kwamandan da ya hura wuta ya ce wa sahabbai su faɗa ciki, suka ƙi, Annabi (SAW) kuma ya tabbatar da cewa su ne a kan daidai.

Ban ce dole sojanka ya bijire ba. Ya harba in haka labarin ya kai shi. Amma ka nuna mana yatsansa na rawa, ko kuma ka nuna mana yadda aka yi ya daina rawa. Ni sojan da nake jiran in karanta shi ne wanda ya koma bariki daga Satiru, matarsa ta ajiye masa akushin tuwo ta ce, "Maigida, yaya hanya?"