Shiga Ruwa Daga Gaɓa: Darasin 'Yan Nutson Murjani Ga Kudancin Jigawa

A tsibirin Bonaire da ke tekun Karibiyan, inda aka killace duwatsun murjani a matsayin gandun teku tun 1979, akan ga duwatsu masu launin rawaya a gefen hanya, kowanne ɗauke da sunan wurin nutso. Mai nutso zai ajiye motarsa, ya goya tulun iska, ya taka da ƙafarsa ya shiga teku. Babu jirgi, babu matuƙin da zai ƙirga waɗanda suka fito. Wannan shi ne nutso daga gaɓa, kuma masu yin sa sun kasu gida biyu kan abin da ke tsare ran mutum.

Masu lissafi da masu karatun ruwa

Gida na farko sun dogara ga ƙididdiga. Hujjarsu ita ce jikin ɗan Adam ba ya jin haɗarin zurfi sai ya auku. Kowace mita 10 da mutum ya nutsa tana ƙara masa matsi daidai da nauyin iskar da ke bisa doron ƙasa. A mita 30 matsin ya ninka sau huɗu, don haka iskar tulu tana ƙarewa da sauri sau huɗu. Iskar naitirojin kuma tana narkewa cikin jini, idan aka yi gaggawar tasowa sai ta yi kumfa a jijiyoyi da gaɓoɓi. Shi ya sa suke iyakance sabon shiga ga mita 18, su kafa mita 40 a matsayin iyakar nutson nishaɗi, su tsaya minti uku a mita biyar kafin su fito, kuma ba sa barin kowa ya shiga ba tare da abokin tafiya ba.

Gida na biyu suna ganin cewa haɗarin nutson gaɓa yana a matakin farko da na ƙarshe. Irin waɗannan sukan zauna bakin teku su daɗe suna kallon yadda igiyar ruwa ke karyewa, su gano mashiga, su gano mafita ta biyu ko da ta farko ta ɓaci, su tambayi masuntan wurin. Sukan fara iyo suna fuskantar kwararar ruwa, domin idan gajiya ta zo ruwan ya taimaka wajen dawo da su. Babban abin alfaharinsu shi ne iya naɗe kaya a koma gida ranar da teku bai yi kyau ba.

Ramin da ake kira Blue Hole kusa da Dahab, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Masar, ya nuna cewa kowane gida na buƙatar ɗan'uwansa. Ana shiga ramin cikin 'yan taku daga bakin hanya, ruwansa a kwance, amma zurfinsa ya kai mita 100, kuma yana da wata ƙofa a wajen mita 55 da ke fita zuwa buɗaɗɗen teku. A wannan zurfi naitirojin kan gusar da hankali kamar maye. Allunan tunawa da waɗanda suka rasu suna nan manne a jikin dutsen. Kwanciyar ruwan ta yaudari ido, sauƙin mashigar kuma ya sa wasu suka raina lissafi.

Gaɓar da ke kusa da gida

Yalwan Damai da sauran mazaɓun Birnin Kudu da Gwaram suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, amma yankin yana cikin kwarin Haɗeja da Jama'are, kuma duk mai shiga ruwa a nan daga gaɓa yake shiga. Idan watan Agusta ya kama, rafin da aka tsallaka da ƙafa a bazara ya zama kogi, kududdufin da aka haƙa don ginin ƙasa ya cika har ya fi tsayin mutum. Yara masu wanka, makiyaya da 'yan kasuwar da ke hawa kwale-kwale su ne a bakin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021. A ƙarshen Nuwambar wannan shekara jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, akasarin mamatan ɗaliban Islamiyya, watanni shida bayan wani ya kife a kogin Neja kusa da Wara ta Jihar Kebbi.

A irin wannan rana, waɗanda sukan fara faɗawa ruwa masunta ne da samarin gari. Su 'yan gida na biyu ne na asali. Sun san inda ruwa ke juyawa, sun san ramin da yashi ya zaftare, sun san kalar ruwan da ke nuna an yi sama a tudu. Sarautar Sarkin Ruwa da wasannin kabanci na bikin Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016, shaida ne cewa wannan ilimi tsararre ne mai shugabanni. Abin da ya rage musu shi ne rabon gida na farko. Misali, mai nutso da ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutsa yana korar gurɓatacciyar iskar da ke tunatar da jiki buƙatar numfashi, sai ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da gargaɗi ba. Gwaninta ba ta kare mutum daga wannan. Igiya a ƙugu da abokin da ke ƙirga daƙiƙoƙi a bakin ruwa su ne ke kare shi.

Tulun iska ko igiya?

Akwai masu ganin cewa mafita ita ce a sayo wa ƙananan hukumomi kayan nutso na zamani. Niyyar tana da kyau, amma tsarin zai iya ƙara yawan gawawwaki. Ruwan damina jajawur ne, mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa, ga saiwoyi da tsofaffin komaye da ke sarƙe tulu. Wanda ya shaƙi iskar tulu a 'yan mitoci kaɗan, ya firgita ya taso yana riƙe da numfashi, huhunsa na iya tsagewa. Ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida ba tare da iska ba, don haka kayan da za a ɗauko daga hedikwata gawa za su tarar. Tsamo gawa don a yi mata sutura aiki ne mai daraja, kuma ya cancanci ƙaramin rukuni na ƙwararru a matakin jiha, da horo da kulawar kaya. Ceton rai kuwa yana hannun wanda ke bakin ruwa lokacin da abin ya faru.

Saboda haka kuɗin farko ya kamata ya tafi ga abubuwa masu araha. A yi rajistar gwanayen ruwa na kowace mazaɓa ta hannun dagatai da sarakunan ruwa. A ajiye igiya da rigunan ceto a kowace mashigar kwale-kwale, tare da gora ko jarkar da aka toshe bakinta, domin jefa wa mai nutsewa abin kamawa ya fi shiga wurinsa aminci. A nemi ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu su koya wa masunta danna ƙirji da hura numfashi. A kafa alama a bakin kowane kududdufi mai zurfi. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2021 don rigakafin nutsewa, ta zo daidai gabanin cikar koguna, lokacin da ya dace a duba kaya a sabunta horo.

Sannan akwai al'adar da ya kamata a sauya. Jama'a sukan yi wa mai nutso kirari idan ya daɗe a ƙasa, su tsarge shi da tsoro idan ya ce ruwan yau ba ya shiguwa. Masunci da ya ɗaura igiya, ko ya ƙi shiga ambaliya cikin dare don neman wanda ya riga ya rasu, ya nuna sanin ruwa ne, kuma gobe yana nan da ransa don ceton wani yaron.