Tokumbo Mai Dizal: A Lissafa Kuɗin Gareji Kafin Ciniki

Ma'aikacin gwamnati mai iyali kan ga tokumbo mai dogon baya, irin Passat ko Peugeot 407 mai amfani da dizal, sauƙin farashinta da ƙarancin shan manta su ja hankalinsa. Sai dai arha ba ta ado.

Injinan nan sun fi dacewa da doguwar tafiya. A cunkoson Nyanya da Mararaba kuwa, salansa ba ta ɗaukar zafin da zai ƙone tokar hayaƙi, sai matatarta ta toshe, ƙarfin mota ya ragu. Gurɓataccen dizal kuma yana cinye nozul da famfon mai.

Kayan gyaran daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala, ƙwararrun makanikan dizal kuma ba su kai na fetur yawa ba. Sauya nozul kawai na iya lashe albashin wata.

Don haka kafin ciniki ya faɗa, wajibi ne mai saye ya sa a gwada motar da kwamfuta, a tayar da injin da sanyin safiya a duba hayaƙinsa. Wanda kuma zirga-zirgarsa ba ta wuce gida zuwa Sakatariya ba, motar fetur ta fi masa rufin asiri.