Zabura ta 91 Ba Laya Ba Ce

Akwai wani irin karatun Littafi Mai Tsarki da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato wanda masu shi ke kira karatun ɓoyayyar ma'ana. Ba sabon abu ba ne, kuma daga Amurka ya taso. Charles Fillmore da matarsa Myrtle sun kafa ƙungiyar Unity a birnin Kansas a 1889, a 1931 kuma ƙungiyar ta buga ƙamus sukutum wanda ya mai da kowane suna da kowane gari na cikin Littafin wani hali na zuciyar ɗan Adam. A wurin Fillmore, Bitrus bangaskiya ne, Yahaya ƙauna, Andarawus ƙarfi. Emmet Fox, wanda ya yi wa dubban mutane wa'azi a New York har ya rasu a 1951, ya bi Zabura ta 91 aya-aya, ya ce mafakar da aka ambata a farkonta tunanin mutum ne. Gyara tunaninka, in ji shi, masifa ta kauce maka.

To, mu da ake koya wa nazarin waƙa ba mu musun cewa akwai adon harshe a wannan Zabura. Fukafukai da garkuwa duk siffantawa ce, ko ɗan aji ɗaya ya san haka. Amma siffantawa tana da abin da take nunawa, a nan kuwa Allah take nunawa, Mai tsarewa in ya so, yadda ya so. Mutanen nan sun karɓe tsaron daga hannun Allah sun danƙa wa ƙwaƙwalwa, sa'an nan suka kira abin zurfin ilmi. Ina zurfin yake? Laya ce kawai aka cire wa fata.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Littafin da kansa ya riga ya yanke wannan shari'a. A Matiyu sura ta 4, wa ya jawo Zabura ta 91 don ya kafa hujja? Iblis ne! Ya kai Almasihu ƙololuwar Haikali a Urushalima, ya ce ya diro tunda an yi alkawarin mala'iku za su tare shi. Almasihu ya ƙi, ya nuna masa cewa gwada Allah ke nan. Istifanas kuwa, da jifa aka kashe shi yana cikin addu'a. Shi ma tunaninsa ne ya karkace?

Nan ne muguntar abin take. In tsaro sakamakon tunani mai kyau ne, ashe duk wanda annoba ta ɗauke a 2020 shi ya jawo wa kansa, uwar da ɗanta ya mutu kuma sai ta haɗa baƙin ciki da zargin kanta. Irin maganar da abokan Ayuba suka yi masa ke nan yana zaune cikin toka, a sura ta 42 kuma Allah ya tsawata musu, har sai da Ayuban ya yi musu addu'a.

Fillmore ya koyar cewa da gyaran tunani mutum na iya sabunta jikinsa har ya tsere wa mutuwa. Ya rasu a 1948, yana da shekara 93.